Na yi Lasota sau biyu, amma kajina na murɗe wuya suna mutuwa

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Buroila 300 na zuba, kwali shida, yau kwanansu 33. Babu rigakafin da na tsallake: na cutar Gumboro a kwana 7 da kwana 21, Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, a kwana 14 da kwana 28. Tun ranar Talata suka fara minshari da daddare, idanu na ruwa. Shekaranjiya na kwashe 9, jiya 17, yau da asuba 26. Kashinsu kore shar, guda uku kuma sun murɗe wuya suna kallon sama suna juyi a wuri ɗaya. Na ba su antibayotik kala biyu, ko gezau. Ni dai zargina Lasotar da aka sayar min ruwa ce kawai.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Koren kashi da murɗe wuya ai ba sai an tambaya ba, Newcastle ce, wadda iyayenmu ke ce wa fakat. Lokacinta ne ma, ga hunturu ya kankama. A wane shago kika sayi rigakafin? Faɗa mana mu guje shi.

Shugaban Zaure: Baban Sadik, dokar zauren nan ba ta canza ba. Ba a kama sunan shago ko kamfanin ƙyanƙyasa a kan zargi. Hajiya, ki bar sunan a ranki.

Alhaji Mai Gona: Allah ya tsayar nan. Kafin a rataye mai shago, ina da tambaya. A me kika ɗauko kwalbar? Da wane ruwa kika haɗa? Na sha ganin mutum ya sa rigakafi a aljihun gaba, ya hau acaɓa cikin rana, ya zo ya zuba a ruwan famfo mai kulorin, sannan ya ce an cuce shi.

Maman Khairat: Alhaji wallahi ba haka na yi ba. Da kula ta na je, cike da ƙanƙara, a gabana aka ciro daga firij. Ruwan rijiya na sa, na zuba madarar gari kaɗan kamar yadda ake koya mana a nan, na hana su ruwa awa ɗaya da rabi, cikin awa guda suka shanye. Na ƙara mazubai ma don kowa ya samu.

Alhaji Mai Gona: To lallai kin yi naki. Sai dai ko dos ɗin ya yi kaɗan. Ni shekara ashirin ke nan ninkawa nake yi, kaji 500 in ba su na 1000.

Dakta: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga gona na ga saƙonnin. Maman Khairat, sannu da haƙuri. Abu uku kafin komai. Kada kaza ko ɗaya ta fita daga gidan nan, kada dillali ya shigo. Matattun a binne su da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola. Sannan ki sanar da ofishin likitan dabbobi na yankinku yau ɗin nan, don Newcastle mai zafi da murar tsuntsaye ido ba ya raba su, sai gwaji. Yanzu ki amsa min: kafin waɗannan, me ke cikin ɗakin? Kwana nawa ɗakin ya huta? Kuma a sati na biyu zuwa na uku, kin ga wani abu, ko da ƙarami ne?

Maman Khairat: Dakta barka da zuwa. Buroila ne su ma, 250. Su Gumboro ta kama a sati na huɗu, farin zawo, suka yi ta cakar duburarsu, na rasa 41 cikin kwana shida sai abin ya tsaya da kansa. Da na sayar da ragowar na share, na wanke da sabulu, na zuba sabon ɓuntun shinkafa. Kwana shida ya huta don odar 'yan tsakin ta riga ta iso. Waɗannan kuwa lafiya ƙalau suka taso. Abin da kawai na lura, girmansu bai zo ɗaya ba, wasu kamar ba kwali ɗaya suka zo ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka yi fari fat, fiffikensu ya yi shuɗi kamar an buge su, biyar suka mutu wajen kwana 16. Na ɗauka sanyi ne ko danniya.

Dakta: To, ba a kan Lasota gizo ke saƙar ba. Ki yi haƙuri, zan yi dogon rubutu.

In kika buɗe kaza, a saman dubura ta ciki akwai wata 'yar jaka, ana ce mata bursa. A nan ne ake rainon ƙwayoyin jinin da ke ƙera sinadarin kariya. Duk rigakafin da kika ba kaza, saƙo ne kika aika: ga kamannin maƙiyi, ku shirya. Waɗanda za su karɓi saƙon su shirya, daga jakar nan suke fitowa. Bairos ɗin Gumboro kuwa ba shi da abinci sai su. In ya kama kaza tsakanin sati uku zuwa shida, kina ganin abin da kika gani a zubin baya: farin zawo, mutuwa ta hau ta sauko cikin mako guda. In kuwa ya kama ta tana ƙasa da sati uku, galibi ba zawo, ba mutuwa, ba komai. Sai ya cinye jakar shiru. Kaza tana ci tana sha, amma in kika ba ta Lasota, kin aika wasiƙa ne gidan da babu kowa. An gwada wannan a Ingila tun farkon shekarun 1970: 'yan tsakin da Gumboro ta fara kamawa ba su amsa rigakafin Newcastle yadda ya kamata ba.

Shi kuma wannan bairos ɗin taurin rai gare shi. An taɓa samun sa da ransa a ɗakin kaji kwana 122 bayan an kwashe kajin. Sabulu da kwana shida ba su isa su ce masa komai ba.

Baban Sadik: Dakta ban gane ba. Ai ta yi musu Gumboron tun kwana 7. Ya za a yi ta kama su?

Dakta: Tambaya mai kyau. Ɗan tsako yana zuwa da guzurin kariya daga uwarsa, ta cikin gwaiduwa. Guzurin nan a buroila yana raguwa da rabi kusan duk kwana uku zuwa huɗu. Matsalar, ba ya bambance bairos na rigakafi da na cuta, duk wanda ya shigo kashe shi yake yi. In uwar ta sha rigakafi sosai, a kwana 7 guzurin yana da ƙarfin da zai kashe rigakafin da kika ba su, ya tafi a banza. Sai ya ci gaba da raguwa. Bairos ɗin da ke kwance a ƙasan ɗaki ya fi na kwalba ƙarfi, don haka shi ke fara samun ƙofa, tun kariyar ba ta sauka inda na kwalba zai iya kamawa ba. Kafin na kwana 21 ya zo, ihu ne bayan hari. Ƙari a kan haka, kwalin da muke saye sau da yawa ƙwan iyaye daban-daban ne, wasu 'yan tsakin guzurinsu da yawa, wasu kaɗan. Shi ya sa babu rana ɗaya da ta dace da kowa. Manyan gonaki jini suke ɗiba a kwanakin farko, a auna, a lissafa ranar da wani tsari da aka fitar a Deventer ta ƙasar Holan.

Alhaji Mai Gona: Wato Lasota ta zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma Dakta, da ta ninka dos fa?

Dakta: Alhaji, ko ta ninka sau goma. Yawan wasiƙa ba ya kawo mai gida. Ninkawarka tana rufe maka asarar da ake yi a hanya da a mazubi, shi ya sa kake ganin amfaninta. Amma ba ta gina bursar da ta lalace.

Alhaji Mai Gona: Ni dai ban taɓa asarar da ta wuce misali ba.

Dakta: Ɗakuna nawa gare ka, kuma kwana nawa kake hutar da kowanne?

Alhaji Mai Gona: Huɗu. Sati uku, wani lokacin wata. Farar ƙasa nake zubawa, in sa yara su bi bango da wuta.

Dakta: To ka ga sirrinka nan, ba a kwalba yake ba.

Ɗalibi daga Samaru: Gafarta Dakta, in ɗan sa baki. Abin da ya fi burge ni a ajinmu shi ne yadda aka gano aikin jakar nan. Wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Bruce Glick, yana cire wa 'yan tsaki bursa don ya ga amfaninta. Abokin karatunsa Timothy Chang ya ari wasu daga cikin kajin don nuna wa ɗalibai yadda jiki ke ƙera sinadarin kariya, ya yi musu allura, sai aka nemi sinadarin aka rasa. Da suka bincika, ashe waɗanda aka cire wa jakar ne. Suka wallafa a 1956. Har yau ƙwayoyin nan, ko a jikin ɗan Adam, da harafin B ake kiran su saboda bursar kaza. Sunan Gumboro kuma na wani gari ne a jihar Delaware, inda Albert Cosgrove ya fara bayyana cutar a 1962.

Baban Sadik: Ikon Allah. Ni duk zatona sunan magani ne.

Maman Khairat: Dakta, to masu shuɗin fiffiken fa? Su ma Gumboron ce?

Dakta: Su ne suka fi tsaya min a rai. Fari fat, jini kwance a ƙarƙashin fatar fiffike, mutuwa a sati na biyu zuwa na uku, wannan kamannin wani bairos ne daban, mai jawo ƙarancin jini, wanda aka fara ware shi a Japan a 1979. Yana iya biyo ƙwai daga uwa, yana iya kasancewa a ɗaki, don shi ma taurin rai gare shi. Wuri biyu yake ci: ɓargo, inda ake ƙera jini, da wasu kaluluwa da ke jere a gefen wuya, inda ake horar da ɗaya rundunar, masu harafin T. Su ne ke farautar ƙwayar jikin da bairos ya shiga su kashe ta, su ne kuma ke taimaka wa masu harafin B.

Ga inda haɗuwar take da muni. Shi kaɗai, in kaza ta wuce sati biyu zuwa uku, ba ya iya kayar da ita, don jikinta na ƙera sinadarin da ke taka masa birki. Amma wa ke ƙera sinadarin? 'Yan bursa. In Gumboro ta riga ta share su, birkin ya tafi, sai ya ci gaba da ɓarna a shekarun da bai kamata ya iya ba. Ɗaya ya kashe rundunar B, ɗaya ya kashe rundunar T, kowanne yana share wa ɗan uwansa hanya. Sai Newcastle ta zo da iskar hunturu ta tarar da gari ba mai gadi.

Amma ki lura, duk wannan hasashe nake yi daga bayaninki. Ki kawo min uku da suka mutu yanzu-yanzu da biyu masu rai da suka jigata, a cikin leda biyu, ki wanke takalminki kafin ki fito.

Malam Habu Mai Dusa: Alhamdu lillahi, yau dai ba a ce abinci ba ne. Kullum mu ake zagi.

Dakta: Malam Habu kar ka yi saurin murna. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana ɗauke da guba mai suna afulatoksin, ita ma tana ƙanƙantar da bursa da kaluluwar wuya. A 1960 ta kashe talo-talo kusan dubu ɗari a Ingila ta hanyar garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil. In ta haɗu da Gumboro, sai dai addu'a.

Malam Habu Mai Dusa: Tawa masarar a bushe take ƙayau, kowa ya zo ya gani.

Sabon Shiga: Salam. Ina da sabbin mazuban ruwa da fida, wato mazuban abinci, masu sauƙin kuɗi, mai so ya yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Talla ranar Asabar ne. Mutum na cikin asara kana tallar fida. Na goge hoton.

Auwalu Buroila: Dakta ni tawa tambayar daban ce. Saboda gudun irin wannan, ni a bokiti ɗaya nake haɗa Lasota da rigakafin mashaƙon kaji, wato IB, in ba su rana ɗaya in huta. Kwalba biyu daban nake saye. Akwai laifi?

Dakta: Akwai. Su biyun bairos ne masu rai, kuma wuri ɗaya suke nema su zauna: maƙogwaro da wani ƙullutu da ke bayan ido. Na IB ya fi saurin hayayyafa, sai ya riga kama wuri. Ƙwayar jikin da bairos ya shiga kuma tana fitar da wani sinadari, intaferon, da ke gargaɗin maƙwabtanta su rufe ƙofa. Lasota ta iso ta tarar an rufe. Ka biya kuɗin biyu, ka samu ɗaya da ɗan guntu. In kana son su tare, sayi wadda kamfani ya haɗa a kwalba ɗaya, an auna yawan kowanne yadda ɗaya ba zai danne ɗaya ba. In daban-daban ne, ka bar kamar sati biyu a tsakani.

Ɗalibi daga Samaru: Shi ma intaferon ɗin da kaza aka gano shi. Alick Isaacs da Jean Lindenmann, a Landan, 1957, da fatar cikin ƙwan da ya fara zama ɗan tsako da bairos ɗin mura.

Baban Sadik: Kai wannan yaro, komai sai ka ce kaza ce ta fara. To Dakta, in dai bairos na korar bairos, ai abin murna ne. A bar su su kashe juna mana.

Dakta: Da haka ne kullum da mun huta. Wani lokacin suna danne juna, wani lokacin suna ɗaga juna, ya danganta da wa ya riga shiga, tazarar kwana nawa, kuma wane sashe kowanne ke ci. Dannewar ma ba alheri ba ce ko yaushe, tana iya jinkirta alamun cuta har ka ɗauka lafiya, ka sayar, ka raba wa unguwa.

Misalin ɗagawa kuwa, akwai wata murar tsuntsaye mai sanyi, H9N2, ba irin H5N1 da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 ba. In aka sa wa kaza ita kaɗai a ɗakin gwaji, da ƙyar take kashewa. Amma da ta shiga gonakin buroila a Iran daga 1998, mutuwa aka yi ta yi sosai. Da aka bi diddigi, sai aka ga in ta haɗu da IB, ko da na rigakafi ne mai rai, ciwon na tsananta, maƙogwaro ya toshe da wani abu kamar cuku, kaza ta shaƙe. Ita wannan H9N2 ɗin ta iso Afirka ta Yamma, an same ta a Burkina Faso da Gana, an same ta a Najeriya. Saboda haka minshari a buroila yanzu ba na yarda in kira shi da suna ɗaya sai na ga gwaji.

Hajiya Uwa: Ni tsohuwar hannu ce, kajin gida na sani. Mu da ɓawon maɗaci da barkono da gautan kaji muke jiƙawa, kuma suna tashi. 'Yata ki gwada, ba ya cin kuɗi.

Dakta: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ba zan yi musu da ke a kan kajinki ba. Amma kazar gida da ta tashi, bursarta lafiya lau take, ita ta yi yaƙin. Kuma in fakat ta shiga gari ai kin san yadda take share akurki har da masu shan maɗacin. Waɗannan ba su iya ko haɗiya sosai, barkono zai ƙara hana su shan ruwa.

Hajiya Uwa: Haka ne kuma, bara guda biyu ta bar min cikin ashirin.

Auwalu Buroila: To antibayotik ɗin da ta ba su fa, asara ce ke nan?

Dakta: Ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Inda yake da amfani shi ne a kan bakteriyar da ke biyo bayansu. Cikin maƙogwaron kaza akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ke share ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa waje. IB da Newcastle suna aske su. Warin kashin da ke taruwa in an rufe ɗaki ruf da leda ana hura gawayi shi ma yana kashe su, in ka shiga ɗaki idonka ya yi yaji to su sun daɗe da jin jiki. Da sun tafi, bakteriyar E. coli da ke cikin ƙurar ɗaki sai ta wuce har jakunkunan iska da hanta da zuciya. Ita antibayotik ke kamawa, in an dace da wanda take ji. Amma kala biyu a haɗe ba gwaji, ga ƙoda ta riga ta wahala, wani maganin ƙara kashe su yake yi, musamman dangin salfa da jentamaisin in ba sa shan ruwa sosai.

Maman Khairat: Ledar kam na rufe ko'ina, sanyin ya yi yawa. Gobe da sassafe zan zo in sha Allah.

Maman Khairat: Salam 'yan uwa, na dawo daga wurin Dakta. Da idona na gani. Ya fara nuna min bursar wata lafiyayyar kaza mai irin kwanakinsu, kamar ɗan kanya, fara sol, cikinta nanniƙe. Nawa kuwa duka biyar ɗin kamar ƙwayar wake, a yamushe. Ya tsaga tumbin da ke gaban ƙundu, jini ɗigo-ɗigo a kan 'yan ƙurajen ciki kamar an yayyafa. Uku hantarsu da zuciyarsu lulluɓe da wani farin abu kamar an shafa kindirmo ya bushe. Ya karya ƙashin cinyar biyu daga cikin ƙananan, ɓargon maimakon ja sai ga shi fari-fari kamar kitse. Jikina ya yi sanyi. Na je shagon nan ranar Laraba na yi wa yaron faɗa a gaban mutane.

Baban Sadik: Subhanallah. Ni ma da na ce a faɗi sunansa, Allah ya yafe min.

Dakta: Ƙarin bayani kaɗan don kar a ɗauka an gama. Abin da muka gani ya yi daidai da hasashen, amma ƙanƙancewar bursa ba Gumboro kaɗai ke kawo ta ba, cutar Marek da gubar fumfuna da rigakafin Gumboro mai zafi duk suna iya yi. Jinin tumbin nan ma murar tsuntsaye na kawo irinsa. Mun ɗauki bursa, saifa, maƙogwaro da ɓargo a ƙanƙara, jami'in jiha zai tura cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom. Na kuma ce ta kawo abincin a duba.

Alhaji Mai Gona: Ragowar fa? A sake musu Lasota?

Dakta: Waɗanda suka riga suka kamu ba abin da za ta yi musu, kuma da wannan bursar ban sa ran amsa mai ƙarfi ba. Mun ware marasa lafiya, an ɗaga leda ta sama iska na shiga, ruwa da bitamin, antibayotik ɗaya tak saboda E. coli. Ba yanka, ba sayarwa sai sakamako ya fito kuma kwanakin janye magani sun cika.

Maman Khairat: Yau 14 na kwashe, saura 211. Na kira wakilin na soke odar sati mai zuwa, ya ce kuɗin ajiyar wuri ba ya dawowa, na ce na ji. Dakta, ƙasan ɗakin rabi siminti ne rabi turɓaya, kuma fidodina na katako ne. In fasa in sake dabe, ko farar ƙasa ta isa?

Dakta: Ki yi simintin gaba ɗaya, turɓaya ba ta wankuwa. Na katakon ki ƙone su. Ki duba ƙarƙashin ɓuntu da tsagogin bango, akwai wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana da ke ɓuya a nan, suna ɗaukar Gumboro daga zubi zuwa zubi, a yi musu feshi tun ɗakin bai huce ba. Bayan wanki da sabulu ya bushe, a bi da maganin da ke da ayodin ko fomalin, wanda ya san aikin ya yi, don fomalin na ƙona ido da huhu. Takin kuma kar ki ba masu lambu yanzu, ki tara shi ki rufe da leda ya yi zafi tukuna. Sati uku aƙalla ɗakin na wofi.

Maman Khairat: To. Bari in je shagon nan in ba yaron haƙuri kafin su rufe.